Tambayi Injiniya: Yaron da ke son kujerar shugaban tashar nukiliya

Masu tambayar batirin sola ku yi mini afuwa, na san na yi alkawari. Wasiƙar wani bawan Allah daga Wunti ce ta cinye filin wannan wata, don kwana uku na yi ina juya ta a raina, sannan na tsinci wasu uku masu kama da ita a cikin tarin da edita ya aiko mini.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ina sayar da kayan wuta a kasuwar Wunti. Babban ɗana ya gama sakandare bana, malamansa sun ce yana da kai a lissafi. Ni likita na so ya karanta. Shi kuwa tun da ya ga wani Balarabe a waya yana zagayawa da baƙi cikin tashar nukiliyar Dubai, ya kafe sai ya zama shugaban irin wannan tasha. Na ce masa mu da wutar NEPA ma ba ta ishe mu ba, ina mu ina nukiliya? Uwarsa kuma ta ce ai bom ne. Don Allah wannan aiki ne na gaske, ko yaron nan mafarki yake da rana tsaka? Daga mai kayan wuta, Wunti, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. Ƙaramin gyara tukuna: tashar tana gaɓar teku ne a masarautar Abu Dabi, sunanta Barakah. Mu dai duk abin da ya fito daga ƙasar nan Dubai muke ce masa.

Ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Yuraniyom, wato man tashar, wanda ake haƙowa a irin su Arlit a Nijar, ɓangarensa mai ci da wuta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, 0.7 ne kacal. Masu tashar lantarki sukan tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5. Mai haɗa bom sai ya kai shi wajen kashi 90. Man da ke cikin tashar wuta ko an so ba zai tashi irin tashin bom ba. Yana da nasa haɗarin, kuma ba zan ɓoye maka shi ba.

In ka cire wa tashar nukiliya kwarjininta, babbar tukunyar dafa ruwa ce. Ana jera 'yan dunƙulen yuraniyom, kowane bai wuce kan ɗan yatsa ba, cikin dogayen bututun ƙarfe, a nutsa su a ruwa. Ƙwayar zarra ta tsage ta ba da zafi, ruwa ya ɗauka har ya haura digiri 300, a samu tururi, tururi ya juya farfela, farfela ta juya janareta. Daga nan zuwa wayar da kake sayarwa a shago, babu abin da ya raba ta da tashar Egbin ta Legas mai ƙona gas. Dunƙule ɗaya yana ba da zafin kusan tan guda na kwal, ka tuna motocin da ke fitowa daga Maiganga, shi ya sa ake shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ba a tsaya ƙara mai ba.

Wajen kashewa ne take nuna halinta. Janaretan shagonka da ka murɗa makulli ya mutu ke nan. Ita kuwa kamar murhun mai masa take, an janye itace amma garwashi na nan ƙarƙashin toka. A daidai lokacin da aka kashe ta, tana ci gaba da fitar da kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na zafinta, yana sauka a hankali, kwana da kwanaki, wata da watanni. Kashi 6 na tukunyar da ke haska babban birni ya isa ya narka ƙarfe. Dole famfo ya yi ta zagaya da ruwa ko sama da ƙasa za su haɗe. Duk tsaurin wannan sana'a daga garwashin nan ya taso, kuma shi ake ba shugaban tasha amana.

To yaya ake hawa kujerar? A Amurka, inda tashoshin suka fi yawa, hanyar da aka fi bi ta ƙafa ce. Yaro zai fara da zagayen injuna da tocila da takarda, yana karanta geji, yana sauraren kukan famfo. Bayan shekaru a tura shi horon shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ya zauna jarabawar hukuma, ta baki da ta rubutu da ta aiki, a ba shi lasisin zama ɗakin sarrafa tukunya. Lasisin na shekara shida ne, kuma duk bayan mako biyar ko shida sai ya koma aji na mako guda, komai furfurarsa. Daga nan shugaban duti, manajan ayyuka, manajan tasha, sai mai kula da duk tashoshin kamfani. Ka ɗauki Chris Crane. A kwalejin fasaha ta jihar New Hampshire ya yi karatu, ba wata jami'a mai dogon suna ba. Ya yi aiki a tashar Palo Verde, ya riƙe ta Browns Ferry, ya koma kamfanin wutar Shikago a 1998, aka ɗora shi a kan duk harkar nukiliyar kamfanin Exelon a 2004. Sai a 2012, bayan ya haura shekara 50, ya zama shugaban kamfanin baki ɗaya, da tukwane sama da 20 a ƙarƙashinsa. Ya sauka a ƙarshen 2022, ya mutu a watan Afrilun 2024.

Balaraben da ɗanka ya gani, ina kyautata zaton Mohamed Al Hammadi ne, kuma labarinsa ya fi kusa da namu, don lokacin da ya fara ƙasarsa ba ta da tukunya ko ɗaya. Injiniyan lantarki ya karanta a Florida, ya riƙe hukumar wuta da ruwa ta tarayyar Daular Larabawa, sannan aka ba shi kamfanin nukiliyar da aka kafa a 2009. A Disambar wannan shekara suka ba Koriya ta Kudu kwangila. An zuba kankaren farko a Yulin 2012, tukunya ta farko ta ba da wuta a Agustan 2020, ta huɗu ta kama aiki sosai a Satumbar 2024. Megawat 5,600 ke nan, kusan rubu'in wutar ƙasar, kuma ya fi abin da layin Najeriya gaba ɗaya ke rabawa a yawancin ranaku. Ka sa yaron ya lissafa da kansa: kusan shekara 11 mutumin nan ya yi yana shugabancin tashar da ba ta kunna ƙwan fitila ko ɗaya ba. A waya minti uku aka nuna masa.

Ni shekara 31 na yi a tashoshin gas da na ruwa na ƙasar nan. Sau ɗaya na shiga tashar nukiliya, a wani kwas da aka tura mu ƙasar waje. Aka tsayar da mu bayan gilashi muna kallon ɗakin gwaji, wanda aka gina shi sak da ɗakin sarrafawa na gaske, har kalar maɓallai. Shugaban duti ya ce a buɗe bawul kaza. Ma'aikaci ya maimaita umarnin kalma da kalma. Shugaba ya ce daidai ne. Ma'aikaci ya ɗora yatsa a kan maɓalli bai murɗa ba, sai da na kusa da shi ya sunkuyo ya karanta lambar da ƙarfi. Abokin tafiyata ya raɗa mini cewa ai wannan makarantar allo ce, malam ya biya, almajiri ya amsa. Muka yi dariya ƙasa-ƙasa. Can sai malamin gwajin, yaro ne da bai kai 35 ba, ya tsayar da komai, ya dubi shugaban dutin mai furfura ya ce masa ya tsallake layi ɗaya a takardar ƙa'ida. Dattijon ya duba, ya ce haka ne, na gode, aka koma farko. Manajan tashar yana zaune a baya da ɗan littafinsa, ko gira bai ɗaga ba.

Dariyata ta tsaya, saboda na tuna wani dare da ban cika son ba da labarinsa ba.

Ina da shekara 27, ina dutin dare cikin azumi, wajen ƙarfe uku, an fara buɗe kulolin sahur. Allurar gejin zafin boris na ɗaya daga cikin injunanmu ta fara hawa, kaɗan-kaɗan, kamar mai jin kunya. Na nuna wa shugaban duti, dattijo ne sa'an mahaifina, shi ya koya mini riƙe sifana. Ya ƙwanƙwasa gilashin gejin da farce ya ce, "Wannan ai maƙaryaci ne, tun kafin a ɗauke ka aiki haka yake." Da ma an bugo waya daga sama tun magariba cewa kada a kuskura a rage wuta a daren. Na sauka ƙasa na ɗora bayan hannuna a murfin, na ji zafin da ban saba ji ba, ga wani wari kamar man gyaɗa ya ƙone a kasko. Na san geji bai yi ƙarya ba. Na hau sama na zauna na ci tuwona. Kunya ce ta hana ni, da tsoron a ce yaron nan ya cika zaƙewa. Kafin kiran assalatu boris ya narke ya cinye shaf. Wata bakwai injin ya yi a kwance ana jiran kaya daga waje. Ba a rasa rai ba, ba a kori kowa ba. A littafin duti aka rubuta cewa lalacewa ce ta ba-zata, kuma da hannuna na rubuta.

A tashar gas, irin wannan shirun wata bakwai na duhu ya jawo wa mutane. Viktor Bryukhanov ya ga abin da yake jawowa a tashar nukiliya. Yana da shekara 34 aka ba shi fili a Yukren a 1970 aka ce ya gina tashar Chernobyl, ya gina ta har da garin ma'aikata. Haziƙi ne, ba a musu. A Disambar 1983 ya sa hannu cewa tukunya ta huɗu ta kammala, alhali akwai gwajin tsaro da ba a ci nasararsa ba, don a cika alƙawarin ƙarshen shekara. Wannan gwajin ake ƙoƙarin yi a daren 26 ga Afrilun 1986, da ƙarfe 1:23, tukunyar ta tarwatse. Yana gida yana barci. Da ya iso, ya aika wa na sama rahoton cewa tukunya na nan lafiya, da adadin tiririn nukiliya da aka karanta a na'urar da allurarta ta riga ta kai ƙarshen ma'auninta. Ita ma tukunyar an ƙera ta da aibi wanda ba a gaya wa masu aiki da ita ba, wannan gaskiya ne. Amma da aka zo kotu a 1987 yana cikin waɗanda aka yanke wa shekara 10. Mai sa hannu shi ke da laifi, ko yana barci.

Sai Masao Yoshida, manajan tashar Fukushima a Japan. Ranar Juma'a 11 ga Maris 2011 aka yi girgizar ƙasa, tukwane uku da ke aiki suka kashe kansu yadda aka tsara. Ƙasa da awa guda teku ta taso, igiya mai tsayin wajen mita 14, ta cika ɗakunan ƙasa inda janaretocin dizal suke. Famfo ya tsaya, garwashin nan da na gaya maka ya fara aikinsa. Ma'aikata suka riƙa ciro batiran motocinsu suna haɗawa don kawai su ga abin da geji ke cewa. Washegari da ruwan daɗi ya ƙare, Yoshida ya sa motocin kwana-kwana su tura ruwan teku cikin tukunya ta ɗaya. Aka bugo daga Tokyo aka ce ya dakata, ofishin firaminista bai amince ba tukuna. Ya je ya raɗa wa mai kula da famfon cewa yanzu zan ba da umarnin a tsaya da babbar murya, kada ka tsaya. Ya koma gaban na'urar taron bidiyo da ake yi da Tokyo ya ce a tsaya, ruwa kuwa ya ci gaba da shiga. Japanawa da yawa suna ganinsa gwarzo, ni ma haka. Sai dai shi ɗin ne, a 2008, yana shugaban sashen kula da gine-ginen nukiliya a hedikwata, aka kawo lissafin cewa igiya za ta iya kai mita 15.7, ba a ɗaga katanga ba. Ranar da ya yi jarumta kowa ya gani. Ranar da takarda ta zo teburinsa cikin sanyin ofis, babu wanda ke kallo. Ya mutu a 2013 da ciwon dajin maƙogwaro yana da shekara 58.

Yanzu mu dawo gida. Maganarka gaskiya ce, ba mu da tashar. An yi dokar kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya tun 1976, ta kwanta shekara 30 a takarda, sai a 2006 Obasanjo ya tashe ta ya ba Dakta Erepamo Osaisai. An ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, an sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, har yau ba a zuba kankare ba. Abin da muke da shi ƙaramar tukunyar bincike ce a cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ƙirar ƙasar Sin, tana aiki tun 2004. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, dutsen guga 30 ke nan, kuma ba ta ba da lantarki, gwajin ma'adinai da ƙasar noma ake yi da ita. A duk Afirka tasha ɗaya ce ke aiki, Koeberg kusa da Cape Town, tun 1984. Masar ta fara gina tata a El Dabaa a 2022.

Duk da haka ba zan ce ka kashe masa gwiwa ba, Alhaji. Ka bar shi ya cike injiniyan lantarki ko na injuna, nan jami'ar Tafawa Balewa ko Zariya. Kada ya ɗaure kansa da kalmar nukiliya tun digirin farko, don da waɗannan biyun zai ci abinci ko an gina tasha ko ba a gina ba. Lokacin aikin koyo na wata shida ya nemi inda ƙarfe ke juyawa da gaske, Dadin Kowa, Shiroro, Egbin, ko kamfanin simintin Ashaka, ya ƙi ofis mai sanyi inda za a riƙa aikensa sayen kati. Bayan bautar ƙasa sai digiri na biyu a fannin nukiliya, a Zariya, ko makarantar KINGS ta Koriya ta Kudu, ko guraben karatun da Rasha ke bayarwa. Akwai aiki a hukumar da ke sa ido kan kayan nukiliya a Abuja, wadda ta fara aiki a 2001, akwai a kamfanonin mai, akwai a asibitocin da ke gasa ciwon daji. Ka ga ta nan ma burinka na asibiti bai faɗi ƙasa ba.

Kafin nan, ga gwajin da ba ya bukatar JAMB. Ka bar masa shago da littafin ciniki na wata guda. Ranar da ya ba da canji fiye da kima, ko ya fasa kwalin ƙwan fitila, ka zuba ido ka ga ko shi zai zo ya faɗa maka kafin ka gano. In ya zo, kada ka yi masa tsawa, ko da ranka ya ɓaci.

TAMBAYA: Baba, ina aji uku a sashen fiziks a jami'ar jiha. Ina sha'awar wannan fanni, amma gwaggona ta ce macen da ta yi aikin nukiliya ba ta haihuwa, kuma wai ko na yi ba za a taɓa ba mace shugabanci ba. Daga 'yarka, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: 'Yata, ki gaishe mini da gwaggo, ki ce mata tsoronta na ƙauna ne, amma lissafi bai goyi bayanta ba. Duk mai shiga inda tiririn yake ana maƙala masa wani ɗan abu a ƙirji kamar katin shaida, yana ƙirga abin da jiki ya sha. Ma'aunin sunansa milisibat. Ƙa'idar duniya ta ce kada ma'aikaci ya wuce 20 a shekara in an raba a kan shekara biyar, kuma yawancin ma'aikatan tashoshin zamani ko kusa da iyakar ba sa zuwa. Ke da kike zaune a Tudun Wada kina shan naki daga ƙasa da duwatsu da sararin sama, matsakaicin duniya wajen 2.4 ne a shekara. Hoton CT na ciki sau ɗaya yakan kai 8 zuwa 10. In ma'aikaciya ta sanar tana da juna biyu, sai a sauya mata wurin aiki yadda abin da ke cikinta ba zai sha fiye da 1 ba har ta sauka. Marie Curie da ta buɗe wannan fanni 'ya'ya mata biyu ta haifa, babbar ma ta ci kyautar Nobel a 1935. Ita uwar ciwon jini ne ya kashe ta a 1934, don a zamaninsu a aljihu suke yawo da sinadarin, ba su san illarsa ba. Dokokin yau da irin wannan tsadar aka saye su.

Batun shugabanci kuwa, ga mata biyu, ki duba hanyar kowacce. Maria Korsnick ta karanta injiniyan nukiliya a Jami'ar Maryland, ta yi dutin dare a tashar Calvert Cliffs har ta samu babban lasisin sarrafa tukunya, ta riƙe tashar Ginna a jihar New York, ta zama mai kula da tashoshin kamfaninsu, kuma tun 2017 ita ke jagorantar ƙungiyar kamfanonin nukiliyar Amurka. Anne Lauvergeon ta Faransa ita ma fiziks ta karanta kamar ke, amma ta fadar shugaban ƙasa ta biyo. Ta zama ta hannun daman Shugaba Mitterrand, aka ba ta kamfanin man nukiliya na Cogema a 1999 tana wajen shekara 40, ta haɗa shi da wasu ya zama Areva a 2001, wato kamfanin da 'yan'uwanmu na Arlit suka sani sarai. Shekara goma tana cikin matan da suka fi ƙarfin faɗa a ji a duniya. A zamaninta aka karɓi kwangilar tashar Olkiluoto a Finlan, aka fara a 2005 da niyyar gamawa a 2009, ba ta kama aiki sosai ba sai 2023. A 2007 kuma suka sayi wani kamfanin haƙar yuraniyom, UraMin, a kan dala biliyan 2.5, daga baya ya zama asara. Ba a sabunta mata wa'adi ba a 2011, kamfanin ya nutse a bashi har gwamnati ta rarraba shi. Ba na ɗora mata komai ita kaɗai, amma in 'yata ce, hanyar Korsnick zan nuna mata.

Hukumar nukiliya ta duniya da ke Biyana tana da tallafin karatun digiri na biyu na mata zalla, da sunan Marie Curie, tun 2020. Ki riƙe makinki da kyau daga yanzu. Abin da zai fi ba ki wahala, a ganina, dutin dare ne da zaman nesa da gida. Wannan maganar ki yi ta da duk wanda ya zo neman aurenki tun kafin a kawo kayan sa rana.

TAMBAYA: Injiniya, tunda muna da ruwa a Dadin Kowa, me zai hana a kafa mana tashar a nan, mu huta da duhu? Daga wani manomin rani, Yamaltu Deba.

AMSA: Malam, da ruwan nomanka za a biya. Babbar tukunya kashi ɗaya cikin uku na zafinta ne kawai ke zama lantarki, sauran biyun sai an zubar, kuma ruwa ke kwashe su dare da rana. Shi ya sa Koeberg da Barakah da El Dabaa duk suke bakin teku. Akwai Palo Verde a hamadar Arizona da ke amfani da ruwan kwatar birnin Phoenix bayan an tace, amma sai kana da birnin da kwatarsa ta kai haka. Ka san yadda Gongola ke komawa a watan Afrilu.

Ko an samu ruwan, akwai waya. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce kada inji ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin ƙasa, don ranar da ya faɗi kada ya ja kowa. Layinmu na yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, tukunyar da Rasha ke ginawa a Masar kuwa kowace 1,200 ce. Dadin Kowa gaba ɗayanta 40 ce. Sannan tashar nukiliya ita kanta tana bukatar wuta daga waje don famfunanta in ta tsaya. Ka tuna 2024 da ɓarayi suka kayar da turakun layin Jos zuwa Gombe, makonnin da muka yi muna sayen ƙanƙara kamar zinariya. Babu hukumar da ta san aikinta da za ta ba da lasisi a kan irin wannan layin.

TAMBAYA: Na ji an ce marigayi Sir Abubakar Tafawa Balewa ya yi faɗa da nukiliya. In haka ne, ba saɓa masa muke ba? Daga wani malamin firamare, Azare.

AMSA: Ya yi, malam, kuma faɗan da ya cancanta. Faransa ta tayar da bom ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairun 1960. Mutanenmu suka tsorata da abin da iskar hunturu za ta kwaso ta sauke mana a gona da rijiya. Aka yi ta gargaɗi, Faransa ta yi kunnen uwar shegu, ta tayar da na uku a ƙarshen Disamba. A Janairun 1961, ƙasa na da wata uku da 'yan kwanaki da samun 'yanci, gwamnatin Balewa ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta hana jiragensu na ruwa da na sama sauka. Da bom da gubar da yake watsawa ya yi faɗa. Gwamnatin tasa ce kuma ta shigar da Najeriya hukumar nukiliya ta duniya a 1964, yana kan kujera. In ka shigo Bauchi ka biya ta kabarinsa ka yi masa addu'a, ka taho da 'yan ajinka.

Masu batirin sola, ku sake rubuto mini da girman inbata da adadin faranti da shekarun batirin, don rabin wasiƙunku "ba ya riƙe caji" kawai suka ce.